Da Wace Giya Kake Sauka?

Akwai dattijon da na ci wa mutunci a gaban yaransa da abokan cinikinsa, a kan ɓarnar da ƙafata da hannuna suka yi. Bakanike ne, abokin mahaifina tun suna samari, kuma shi yake gyara motar gidanmu tun ban san bambancin birki da totur ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Wata bakwai na yi ban taka garejinsa ba, ina ganin ni aka cuta.

Sana'ata dankalin Turawa. Ina saye a Bokkos da Mangu, in loda a bayan Hilux, in kai Abuja. Motar ta hannu na saya, mai injin fetur, giyar hannu, noti shida a kowace taya, birkin gaba faifai, na baya durom. Duk wanda ya saba da hanyar Jos zuwa Akwanga ya san inda gizo ke saƙa. Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma da zarar ka wuce Riyom ka isa Hawan Kibo, ƙasa za ta fara zamewa daga ƙarƙashinka, kwana bayan kwana. Mai shiga Jos shi yake kiransa hawa. Ni da nake fita da kaya, gangara ce, kuma a lokacin da dankali ya yi yawa sau biyu nake bin ta a mako.

Rawar sitiyarin a hankali ta fara. Ina gudun 80 in na taɓa birki, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi, fedar birki kuma ta riƙa bugun tafin ƙafata. In na ɗaga ƙafa, shiru, kamar ba a yi ba. Na kai wa Baba motar, ya taka ta zuwa bakin titi ya dawo, ya ce abin da kowane bakanike zai ce: faifai ya lanƙwashe. Aka kai aka feraye su a inji, aka sa sabon takalmin birki, mota ta koma lumui. Ba a yi wata biyu ba ta dawo da rawarta. Aka sayo sababbin faya-fayai, suka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Aka sake sayo wasu.

Duk zuwan da na yi, sai Baba ya yi mini tambayoyi uku, yana goge hannu da tsumma, ba tare da ya dube ni ba. Ɗana, da wace giya kake sauka Hawan Kibo? Buhu nawa kake ɗora mata? Wa ya taɓa notin nan bayan ni?

Ni kuwa ban taɓa jin su a matsayin tambaya ba. Zargi nake ji. Shekara goma sha biyar ina tuƙi ban taɓa buge ko akuya ba, yanzu za a koya mini sauka gangara? Ga kuma abin da ya sauƙaƙa wa zuciyata mugun zato: jabun kayan gyara gaskiya ne a kasuwanninmu, ba ƙage ba. Kwali mai kyau, tambari mai sheƙi, ƙarfen ciki kuwa sai Allah. Kowane direba yana da labarin wanda aka karɓi kuɗin na asali aka sa masa na banza. Sai na ɗauki wannan labari na kowa na rataya wa mutumin da bai taɓa cin sisina ba.

Ranar Asabar ce, gareji cike. Na shigo da mota a fusace, ko gaisuwa ban kammala ba. Na ce, Baba, in kuɗi kake buƙata ka faɗa mini in ba ka, amma ka daina sa mini jabu kana karɓar kuɗin mai kyau. Da ƙarfi na faɗa, don ina so a ji, kuma an ji. Yaron da ke ƙarƙashin wata mota ya daina bugun guduma. Baba bai ɗaga murya ba. Ya aiki yaro ya ɗauko tsofaffin faya-fayan da aka cire da takardun shagon da aka sayo sababbin, ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗin aikinsa na zuwa ukun, ya ɗora a kan bonet. Ya ce, ka je ɗana, Allah ya kiyaye hanya, amma don Allah ka daina sauka a firi.

Ban taɓa gaya masa ina cire giya in saki mota a firi ba. A ƙarfen ya karanta. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Na sayi faya-fayai na asali a Abuja da tsada, na ga kwalinsu da idona, na tsaya a kai aka ɗaura. Na riƙa faɗa wa abokan sana'a cewa yanzu na huta. Kafin wata uku sitiyari ya koma rawa, irin ta da, ba ragi. Ya kamata a ce a nan na gane, amma girman kai yana da dabarar samo wani mai laifin: na ce ramukan hanya ne.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne wata safiya a tsakiyar gangarar. Kaya sun fi na kullum, na saki mota a firi kamar yadda na saba, ƙafata a kan birki tun daga sama. Na fara jin ƙauri. A wata kwana na tarar da tirela tana rarrafe a gabana, na taka, sai feda ta nutse kamar na taka soso. Na sake takawa, na sake, ina salati, na cusa giya da ƙyar inji ya yi kuka, na ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, na gangara gefen hanya tayar dama tana cin tsakuwa. Tsakanina da bayan tirelar bai kai tsawon tabarma ba. Yaron motata ɗan shekara goma sha tara ne, ɗan ƙanwata. Shi na fara kallo, na tuna ni zan je in gaya wa uwarsa da abin ya zo da ƙarar kwana.

Daga baya na san sunan abin da ya same ni. Man birki yana tafasa. Irin wanda ake rubuta wa DOT 3, in sabo ne sai zafi ya haura digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshi daga iska, kuma in ya tsufa ya sha ruwa a wajen digiri 140 ma yana iya tafasa. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Ni tun da na sayi motar ƙari kawai nake yi in ya ragu, ban taɓa zubar da tsohon ba.

A Apo, cikin unguwar kanikawa ta Abuja, wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani matashin bakanike. Da na ce masa faifai ne ya lanƙwashe a canza, sai ya ce, Alhaji, na nawa ke nan? Na ce na huɗu. Ya ce to ba zan sa na biyar ba sai na san abin da ya ci huɗun.

Tun wajen kwance taya ya fara nuna mini. Noti biyu sun kwance da hannu ɗaya, biyu sai da aka sa dogon bututu aka hau, ɗaya ma zaren ƙusarsa ya miƙe. Ya tambaye ni wa yake ɗaure mini taya. Amsar ta yi mini nauyi a baki. Baba da hannu yake ɗaurewa, yana tsallakawa daga wannan noti zuwa na gabansa, zagaye biyu ko uku, ba ya hawa kan sufana. Ni kuwa ina ganin hannun tsoho ba ƙarfi, ina tsoron taya ta fice mini da kaya. Don haka duk ranar da na bar garejinsa sai in tsaya wurin mai faci in ce a ƙara matsewa, a zura bututu a sufana, ƙato ya hau ya yi tsalle, noti bayan noti a jere. Wani lokacin ni da kaina nake hawa. Ƙarfin da ake so a ɗaure notin irin wannan mota bai wuce kamar ka rataya kilo 20 da 'yan kai a ƙarshen sufana mai tsawon rabin mita ba. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen bututu mai mita ɗaya, ya ninka wannan fiye da sau shida, tun kafin ya yi tsalle.

Matashin ya kafa wani agogon awo mai maganaɗisu, ya ɗora bakin allurarsa a fuskar faifan, ya juya a hankali. Allura ta tafi ta dawo. Ya ce abin da ake yarda da shi a motoci da yawa bai wuce 0.05 na milimita ba, wato bai kai kaurin silin gashi ba, nawa kuwa ya ninka haka kusan sau uku. Ya cire faifan ya auna fuskar hob ɗin da faifan ke zama a kai, sai ga ta ita ma ta ɗan murɗe. Wannan awon shi ya wanke Baba tas. Ko daga ina aka kawo faifai, ko da zinariya aka saye shi, in ya zauna a kan wannan hob a karkace zai zauna.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa ciwon yake ɓuya wata biyu sannan ya dawo, wanda shi ne abin da ya fi sa ni zargin jabu. Faifan da ya zauna a karkace ba ya sa mota rawa a ranar farko. Abin da yake yi shi ne, duk juyi ɗaya na taya, ɓangaren da ya fi tasowa sai ya shafi takalmin birki, ko ba ka taka ba. Shafa ce ƙarama, amma taya tana juyawa sau ɗari huɗu da wani abu a kowace kilomita. Bayan dubban kilomitoci, wani wuri ya cinye, wani wuri ya tara dattin takalmi, faifan ya zama mai kauri a nan, siriri a can. In ka taka birki, takalman biyu suna matse shi, wuri mai kauri ya zo ya tura su baya, siriri ya zo su rufta. Wannan turawa da ruftawa ita ce take bin man birki ta zo tafin ƙafarka, ta bi ƙafar mota ta zo sitiyari. Bambancin da bai kai rabin silin gashi ba ya isa ka ji shi a hannu. Ya auna kaurin a wurare takwas a gabana, lambobin suka ƙi zama ɗaya.

Saboda haka kalmar da muke yawan faɗa, wai faifai ya lanƙwashe, sau da yawa ba ta faɗi gaskiyar abin ba, kuma ita take sa mu tsaya a canji. Wani injiniyan motocin tsere na Amurka, Carroll Smith, ya yi rubutu sananne a kan haka, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da ake kira lanƙwasa tarin sinadarin takalmi ne da ya manne wa faifai ba daidai ba. Na ga wannan da idona a nawa. Matashin ya juya faifan zuwa haske, sai ga hoton takalmin birki a jikinsa, da gefensa da tsagarsa, kamar an buga hatimi. Ya ce, Alhaji, kana tsayawa da birki a take bayan ka sauko? Ina tsayawa mana. A ƙasan gangarar ana yawan samun shingen jami'an tsaro, in shiga layi, ƙarfe ya yi zafi kamar daga maƙera, ni kuma ƙafata a danne minti biyu ko uku. Takalmi ya narke ya bar sawunsa a wuri ɗaya, sauran faifan yana hucewa, wannan wurin yana rufe. In zafin ya yi tsanani har ƙarfen zubin kansa yana canza hali a wurin, ya yi tauri fiye da kewayensa, ya bar tabo mai shuɗi-shuɗi. Irin wannan ko an feraye, ba ya jimawa yake sake tasowa, don kewayensa yana cinyewa shi ba ya ci. Sannan in na ga hayaƙi, sai in sa a kwara wa tayoyin ruwa, ina ganin taimakon motar nake yi.

Zancen firi kuwa, shi ne ya fi ba ni kunya, domin a kansa na fi taurin kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka, kowane direba ya shiga neman inda zai rage. Ni dabarata ita ce in saki mota a gangara. Ashe injin zamani mai kwamfuta, in mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur tana gangarawa, yanke mai yake yi, tayoyi ne suke juya shi. A firi kuwa dole ya sha mai don kada ya mutu. Ban tsira da ko kofi ɗaya ba, na kuma ɗauke wa inji aikin riƙe mota na jibga wa faya-fayai biyu.

Aikin ba ƙarami ba ne, kuma na zauna na yi lissafinsa. Birki ba abin da yake yi sai mayar da gudu zafi. Mota mai nauyin tan uku da kayanta, in ta tsaya daga gudun 100, zafin da take zubawa a birki ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita uku. Gangara ta fi haka muni: duk mita 100 da ka sauko a tsaye, kamar ka yi irin wannan tsayawa sau biyu da rabi ne. Ka tara mita ɗari bisa ɗari, ba hutu a tsakani, a kan ƙarfe biyu da ba su fi faranti girma ba. Wannan ne ya sa a-kori-kura ta fi ƙaramar mota wannan ciwo a duk inda take aiki, ko dankali take ɗauka ko tirela take ja. Yau tana tafiya wayam, gobe an ɗora mata tan guda ko fiye, birkin kuwa shi ne dai na jiya.

Na ɗauka an gama, sai matashin ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin bodi ya ce, wa ya ƙara mata sifirin? Ni ne. Na kai ta wani wuri aka ƙara ganye biyu a kowane gefe don kada ta durƙusa in na yi lodi, kuma ban gaya wa Baba ba don na san zai hana. Ya nuna mini wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da gadar baya. Aikinsa shi ne ya ji nauyin kaya. In bayan mota ya sauka, ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bayan yana sama, ya ɗauka ba kaya, sai ya rage don kada tayoyin baya su kulle. Da na ƙara sifirin, mota ta daina sauka, bawul ya riƙa ganin wayam take alhali tana nishi da buhuna. Birkin baya yana hutawa, na gaba yana ƙonewa. Tambayar Baba ta biyu ke nan, buhu nawa kake ɗora mata.

Tambayoyi uku, duka ukun sun faɗa daidai kan ciwon. Abin da Baba ya rasa shi ne agogon da zai nuna mini lamba in yi shiru. Yana da ido da kunne da shekara arba'in a ƙarƙashin mota, ni kuma na ƙi yarda da su sai da wani yaro sa'an ƙanena ya nuna mini allura tana motsi. Ina ganin akwai gyara a nan ga garejojinmu, domin agogon awo da sufanar da ke ƙara in noti ya kai ƙarfinsa ba su kai kuɗin faya-fayai biyu na asali ba, kuma da suna nan da an rage yawan faɗa tsakanin mai mota da bakanike. Amma wannan ba uzurina ba ne. Mutum ya tambaye ni gaskiya sau uku na ɓoye masa, sannan na zo na tuhume shi da rashin gano abin da na ɓoye. Bakanike awa biyu yake yi da mota, ni nake yin wata biyu da ita. In ciwo ɗaya ya dawo sau uku bayan an canza ƙarfe sau uku, wanda ya kamata a fara bincika shi ne abin da ba a canza ba, kuma a motata abin da ba a canza ba shi ne hob da mai tuƙi.

Aka canza hob da ƙusoshinsa, aka cire ganyen da na ƙara, aka gyara durom, aka wanke ƙusoshin kalifa mai riƙe takalman birki aka sa musu giris, aka zubar da tsohon man birki. Da aka ɗaura sababbin faya-fayai, matashin ya shiga gefena muka hau titi mara cunkoso. Ya sa na kai 60 in rage zuwa 10 ba tare da na tsaya cak ba, kusan sau goma, sannan muka yi tafiya mai ɗan nisa ban taɓa birki ba har suka huce, don takalmi ya shimfiɗa sinadarinsa daidai a duk fuskar faifan. Yanzu giya ta uku nake shiga gangarar da ita, in kaya sun yi nauyi ta biyu. Birki takawa nake yi sosai in saki, ba na jan sa. A shinge in ja birkin hannu in ɗaga ƙafa. Buhunan da na rage suna rage mini riba a kowace tafiya, wannan gaskiya ne, kuma ina jin sa a aljihu. Fiye da shekara ke nan sitiyari bai motsa ba.

Komawa wurin Baba ta fi duk wannan wuya. Na yi niyyar in same shi a gida da daddare, mahaifiyata ta ce a'a, inda ka zubar a nan za ka kwashe. Na jira Asabar, lokacin da gareji ya cika. Na durƙusa a gabansa a kan ƙasar da ta sha baƙin mai, na faɗi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, da bututun, da sifirin, da firi, da ƙarfi kamar yadda na yi zargin. Na ajiye kuɗin da ya mayar mini, da agogon awo da sufanar da na sayo masa. Ya kama kafaɗata ya ce, tashi ɗana, ni tun ranar na yafe, abin da ya hana ni barci gangarar nan ce da yaron da kake ɗauka. Agogon ya karɓa, ya kira babban yaronsa ya ce a koya masa. Kuɗin ya ce in kai wa ƙanwata.

Sai daga baya babban yaron nasa ya gaya mini abin da Baba bai faɗa ba. A cikin waɗanda suke zaune a benci ranar da na yi maganar akwai wani mai motocin haya uku, wanda ya shekara takwas yana kawo su garejin. Satin da ya biyo baya ya kwashe su ya kai wani wuri. Na nemi mutumin har tasha, na same shi, na ba shi labarin tun daga farko, na ce ƙarya na yi wa dattijon nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, Allah ya kyauta. Na sake komawa sau biyu. Har yau bai mayar da ko ɗaya ba.